"Malam, Sai Na Ga Alat"



'Yan uwa, karatunmu na yau daga teburin mahauci na ɗauko shi, kuma ni ne mai laifi a cikinsa. Na jima ina jinkirin rubuta shi don kunya, sai na ga kusan kullum wani yana turo mini tambaya mai kama da shi: an yi ciniki, an tura kuɗi, kuɗi ba su shiga ba, an rabu baram-baram. To bari in fara da kaina.

Wata Alhamis bayan la'asar muna da baƙi, uwargida ta ce a ƙaro nama. Na hau Adaidaita Sahu na biya ta kasuwar unguwarmu, na ce wa mai mashin ɗin ya jira ni minti biyar. Dattijon mahaucin da na saba saye a wurinsa ba ya nan, yaronsa ne a tebur, saurayi da ba zai wuce shekara 17 ba. Ya auna mini tsoka da ƙashi, ya yi mini gyara, ya ƙulle a leda. Kuɗi naira 14,000. Na laluba aljihu, babu komai sai 'yan canjin da zan biya kuɗin mashin. Na ce ya ba ni lambar akawun, ya nuna mini wata takarda da aka liƙa a jikin gini. Na tura, wayata ta yi ƙara, an cire kuɗi. Na kai hannu zan ɗauki leda, sai yaro ya dafe ta.

"Malam, bai shigo ba."

"Ga shi an cire mini, duba ka gani."

Ya leƙa wayar, ya gyaɗa kai. "Na gani, Malam. Amma sai na ga alat."

Muka tsaya. Minti biyar, minti goma, kwata. Ga zafi, ga ƙuda, ga mai Adaidaita yana ta danna hon a bakin titi, uwargida ta kira sau biyu. Abin da ya ƙarasa tunzura ni kuwa shi ne wani bawan Allah da ya zo wucewa ya ce, "A'a, Malam, barka da yamma, mun ji karatun jiya." Nan take na ji kamar duk kasuwar ni take kallo: malami guda an tsare shi a kan nama. Sai na ɗaga murya. Na ce wa yaron ni zai mayar ɓarawo? Na ce tun kafin a haife shi nake sayen nama a teburin nan. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan maimaita su a nan ba. Yaro bai ce uffan ba, bai kuma ɗauke hannunsa daga kan leda ba.

Ana cikin haka dattijon ya dawo. Ya saurari kowa, ya ɗauki ledar ya miƙo mini da hannu biyu. Sannan ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ba da kai yake ba. Satin da ya wuce wani ya zo da babbar riga, ya nuna masa waya haka, ya tafi da naman dubu ashirin. Alat ɗin bogi ne. Ni na ce masa daga ranar ko ubana ne ya zo, kada ya saki nama sai ya ga kuɗi." Na ce, "Baba, na gode," na wuce, amma ban waiwayi yaron ba. A mashin na yi wa direba faɗa don ya ce sai na ƙara masa kuɗin jira, alhali gaskiyarsa ce. Da na isa gida, ƙaramar 'yata ta rugo da murna ta kama ledar, na daka mata tsawa. Mutum uku ke nan cikin awa ɗaya, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya riƙe mini kuɗi.

Kafin mu zo ga hukunci, ya kamata mu san abin da yake faruwa idan mutum ya danna "tura", domin rabin faɗan da ake yi a kasuwa rashin sanin wannan ne yake jawo shi. Mu dai muna ganin kamar kuɗi suna tashi ne daga wayata su sauka a wayarka. Ba haka abin yake tafiya ba. Idan bankina daban, naka daban, akwai mai shiga tsakani, wato NIBSS, kamfanin da bankunan Najeriya da Babban Banki suka mallaka, wanda tun 2011 yake gudanar da tsarin tura kuɗi na nan take. Da farko a tambayi bankinka ko lambar ta wane ce, shi ya sa suna yake fitowa kafin ka tura. Daga nan bankina ya cire kuɗin daga asusuna, ya aika saƙo ta hannun mai shiga tsakani, bankinka ya karɓa ya zuba maka, sannan ya maido da amsa cewa ya zuba. Idan igiyar ta tsinke a ko'ina a tsakani, sai kuɗi su fita daga nan ba su sauka can ba, su maƙale sai an daidaita lissafi. Shi kuma alat ɗin da muke ta jira, saƙon tes ne kawai da yake biyowa ta kamfanin waya, wata hanya daban. Yana iya makara alhali kuɗi sun shiga tuni, kuma ɗan damfara yana iya ƙirƙirar irinsa alhali ko kwabo bai tura ba.

To kun ga, a lokacin da nake cewa "an cire mini" gaskiya na faɗa, yaron kuma da yake cewa "bai shigo ba" gaskiya ya faɗa. Mu biyu masu gaskiya muka tsaya a kan tebur, ɗaya yana yi wa ɗaya ihu, matsalar kuma tana can cikin wata na'ura da babu wanda ya taɓa ganinta a cikinmu.

Wannan shi ne abin da na lura da shi a yawancin ƙananan ɓacin ran zamanin nan. Kakanninmu in jaki ya yi gardama a hanya, ga jakin nan a gabansu. In ɗan aike ya makara, shi za a tambaya. Mu kuwa abin da yake ɓata mana rai yawanci ba shi da fuska. An ɗauke wuta ana tsakiyar guga. Sabis ya ɗauke kana tsakiyar magana da mahaifiyarka. Ka kira layin ƙorafi, wata murya da aka naɗa tana cewa danna ɗaya, danna biyu, har katinka ya ƙare ba ka samu ɗan Adam ba. Ka sayi data da safe, kafin azahar an ce ta ƙare. Fushi kuma ba ya son zama a ciki, sai ya nemi fuskar da ta fi kusa: mai POS, yarinyar da take zaune a kanta a banki, yaron da yake zuba mai, mai gadi, sannan mafi yawa iyali a gida. Haushin kaza, huce kan dami. Kuma ku duba da kyau, kusan kullum wanda muke hucewa a kansa wanda ba zai iya ramawa ba ne. Da manajan banki ne a gabana ranar nan, wallahi da na san yadda zan tausasa harshe.

Mun ga babbar sigar wannan a farkon 2023, ba sai an ba mu labari ba. A watan Oktoban 2022 Babban Banki a ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin suka fito a tsakiyar Disamba, aka sa 31 ga Janairu a matsayin ranar daina karɓar tsofaffi, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Mutane suka kai tsofaffin kuɗi banki, sababbi kuma ba su wadata ba. Sai ga mai kayan miya da mai shayi da mai ƙosai, waɗanda ba su taɓa tunanin transfa ba, dole ta sa sun buɗe akawun a 'yan kwanaki. Cunkoso ya yi wa hanyoyin tura kuɗi yawa, kuɗi suka riƙa maƙalewa. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun. Amma kafin nan an riga an farfasa na'urorin ATM da rassan bankuna a garuruwa irin su Ibadan da Warri da Sagamu. Wa aka tarar a waɗannan rassan? Masu gadi da ƙananan ma'aikata, waɗanda su ma da yamma layi suke bi su nemi kuɗin mota. Wanda ya tsara manufar ba ya cikinsu.

Tun daga lokacin transfa ta zauna mana a kasuwa, ita da matsalolinta. Don haka tambayar da ake turo mini tana da muhimmanci: idan an cire wa mai saye, mai sayarwa bai gani ba, wa ya kamata ya haƙura?

Malaman fiƙihu sun yi bayanin cewa a cinikin da ba na bashi ba, mai sayarwa yana da damar riƙe kayansa har sai ya karɓi kuɗinsa. Kuɗin da suka bar asusuna ba su shiga nasa ba, ban biya shi ba tukuna, komai yawan saƙon da zan nuna. Banki ni na zaɓa ya isar mini da kuɗi, in ɗan aikena ya tsaya a hanya ba zan ce wa mai kaya ya ɗauki asarar ba. Sannan yaron nan wakili ne, dukiyar wani aka ba shi amana, an kuma gindaya masa sharaɗi. Ba shi da ikon ba ni bashi ko da yana so. Dattijon da ya sake mini nama kyautatawa ya yi da dukiyarsa, ya mayar da cinikin bashi a kaina. Abin da yaron ya yi kuwa riƙon amana ne, irin wanda nake hawa kujera ina kira a yi. Ya riƙe, ni kuma na zage shi a kai.

Akwai wani labari a sirar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da na sha karantar da shi, amma ranar nan ne ya zauna mini. Wani mutum yana bin sa bashin raƙumi, ya zo karɓa ya kausasa harshe, har sahabbai suka yunƙura za su taɓa shi. Sai Annabi ya hana su, ya nuna musu cewa wanda yake bin haƙƙinsa yana da damar ya yi magana. Sannan ya sa a biya shi, da ba a samu irin raƙuminsa ba sai wanda ya fi shi, ya ce a ba shi wannan ɗin. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi daga Abu Huraira. Ku auna: wancan mai bin bashin ya yi tsauri, aka ba shi uzuri. Nawa mai bin haƙƙin cewa kawai ya yi sai ya ga alat, da ladabi, yana kirana Malam. Haka nan Anas ɗan Malik, wanda ya shiga hidimar Annabi yana yaro ya shekara goma yana yi, ya ba da labarin cewa bai taɓa nuna masa ƙosawa ba, bai taɓa tuhumarsa kan abin da ya yi ko ya bari ba. Shekara goma! Ni minti goma sha biyar aka jarraba ni.

In muka faɗa wa kanmu gaskiya, jinkirin bai kai ya ƙona mini rai haka ba. A asibiti na sha yin awa biyu a layi ban ce komai ba. Girman kai ne ya motsa. Na ji an haɗa ni da 'yan damfara, na ga ya kamata rawanina ya tsaya mini a matsayin jingina. Na manta cewa wanda ya cuci yaron ma da babbar riga ya zo. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Mu masu gemu da rawani, da alhazai, da masu kaki, mu ne muka fi saurin cewa "ka san ko ni wane ne?" Tsarin da bai san kowa ba yana yi mana ciwo, ko da shi ne adalci. An koyar da mu cewa in fushi ya taso a nemi tsari daga Shaiɗan, a yi shiru, na tsaye ya zauna. Akwai benci a gefen teburin nan. Da na zauna a kai da ba ku karanta wannan rubutu ba.

Yanzu ga abin da nake yi, wanda nake ba mai saye shawara ya yi. Kafin a yanka ko a auna, in tambaya ko ana karɓar transfa, in tura tun kafin a ƙulle kaya, don in akwai jira ya zamana ba a tsare kowa ba. Ina ajiye 'yan tsabar kuɗi don ƙananan saye. In an cire mini bai shiga ba, ba na gaggawar sake turawa, domin sau da yawa na farkon yana shiga daga baya, a wayi gari an biya sau biyu. Hoton allon waya ba hujja ba ce mai ƙarfi, kowa yana iya haɗa shi. Abin da ake bin sawun kuɗi da shi shi ne doguwar lambar nan mai alƙaluma 30 da take jikin rasit ɗin transfa tsakanin bankuna. Ita za ka kai wa bankinka. Kuma ku sani akwai ƙa'ida: tun 2018 Babban Banki ya sa tara a kan bankin da ya kasa mayar da kuɗin transfar da ta faɗi cikin awa 24 bayan ƙorafi, a 2020 kuma ya ƙayyade awa 48 ga kuɗin da suka maƙale a ATM na wani banki, awa 72 ga na POS. In banki ya yi biris, akwai sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna a Babban Bankin. Can ne wurin da ƙorafi yake da amfani, a rubuce, da lamba da kwanan wata. Haƙuri bai hana ka bin kuɗinka ba, a kan wanda ya dace.

Masu sayarwa kuma, ku ma da naku. Ku daina dogara da tes, ku buɗe manhaja ko ku danna lambar duba asusu ku ga abin da yake ciki. Mutane da yawa an tsare su a shago awa guda alhali kuɗinsu suna zaune a asusun mai shago. Sannan kalma ɗaya tana kashe wuta: "Alhaji, ba zarginka nake ba, dokar maigida ce, ga kujera." In kuma kun amince mutum ya tafi da kaya, to bashi ne, a rubuta suna da lambar waya da adadi. Kada kowa ya ji haushin rubutu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma da muminai take magana, mutanen da suka fi mu yarda da juna.

Sai dai jarrabawar da ta fi wuya ba a kasuwa ta same ni ba. Ranar Asabar da safe ina duba waya sai na ga naira 14,000 sun dawo asusuna. Baƙi sun ci nama sun tafi tun shekaranjiya. Dattijo bai kira ni ba, wataƙila ma bai duba ba, domin irinsu ba kullum suke bin lissafin akawun ɗaya bayan ɗaya ba. Ga nama a ciki, ga kuɗi a hannu, babu wanda ya sani. Ba zan ce na yi niyyar cinyewa ba, amma na ji zuciya tana cewa bari sai na sake bi ta wajen, ai ba gudu zan yi ba. Da irin wannan "sai na sake bi" ɗin haƙƙin mutane yake kwana a wuyanmu shekaru. Nawa ne a cikinmu kuɗi suka dawo musu bayan sun tafi da kaya, suka yi shiru? Masu shago nawa ne aka tura musu sau biyu, duka biyun suka shiga da daddare, suka ce rabo ne? Wani ma kuskuren lamba ake yi a turo masa kuɗin wani, ya kashe waya. Duk wannan dukiyar mutane ce, kuma kuskuren na'ura ba ya halatta ta. Mu da muke cika kasuwa da ihu in kuɗinmu ne suka maƙale, in kuskuren ya faɗo ta ɓangarenmu ba a jin bakinmu.

Na ciro tsabar kuɗi a wurin mai POS, na koma kasuwa da hantsi, lokacin da mahauta suke cike. Dattijo ya taso da fara'a, na gaya masa kuɗin sun dawo mini, na ce amma ba shi zan ba ba, a kira mini yaron. Ya fito daga baya da wuƙa a hannu, da ya gan ni sai ya sunkuyar da kai. Na ce, "Ɗana, ranar nan kai ne da gaskiya. A gaban mutanen nan na ci maka fuska, a gabansu nake roƙon ka yafe mini." Ya ce, "Haba Malam, wallahi ba komai." Dattijo yana ta cewa ai ya wuce, ai ya wuce.

Na miƙa wa yaron kuɗin. Ya goge hannu a jikin riga, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, sannan ya riƙa ɗaga takardun dubu ɗai-ɗai yana duba su a hasken rana. Na zauna a kan benci har ya gama.